Isar da bidiyon kwamfuta ta wayar sadarwa

Isar da bidiyon kwamfuta ta wayar sadarwa wata hanya ce ta kai hoton da kwamfuta ke fitarwa zuwa allo, talabijin ko majigi da ke nesa da ita, ta amfani da wayar nan mai zare takwas da ake haɗa kwamfutoci da ita a ofisoshi da makarantu, wato Cat5e, Cat6 ko Cat6A. Wayoyin bidiyo na asali irin su VGA, DVI da HDMI an ƙera su ne don tazarar 'yan mitoci, kamar daga tebur zuwa allon da ke kansa. Idan tazarar ta yi yawa hoton yakan dusashe ko ya ɓace gaba ɗaya. Don haka ake amfani da ƙananan na'urori guda biyu: mai aikawa, wadda ake jonawa a jikin kwamfuta, da mai karɓa, wadda ake jonawa a jikin allo, sai a haɗa su da wayar sadarwa mai tsawon da zai iya kai mita 100.

Akwai manyan hanyoyi uku na yin wannan aiki: aika siginar analog kamar yadda take, aika siginar dijital daga na'ura zuwa na'ura kai tsaye, da kuma mayar da bidiyon ƙunshin bayanai da ke bin tsarin Ethernet. Dukkansu waya iri ɗaya suke amfani da ita, kan wayar ma iri ɗaya ne, amma abin da ke gudana a cikinta ya bambanta ƙwarai. Hanya ta uku ce kaɗai ke iya bi ta cikin cibiyar sadarwa ta gaske. A sauran biyun wayar kawai aka ara.

## Dalilin da ya sa wayar bidiyo ba ta zuwa nesa

Hoton da ke kan allo tarin ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. Idan ana sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa, kuma kowane ɗigo yana cin bit 24 don bayyana launinsa, to ana buƙatar aika kusan gigabit 3 a kowace daƙiƙa. A wayar HDMI adadin yakan kai gigabit 4.455, saboda ƙarin da tsarin ke yi don daidaita aikawa. Allon 4K mai ɗigo 3840 da 2160 yana buƙatar ninki huɗu na wannan, kusan gigabit 12 na hoto tsantsa.

Kowace wayar ƙarfe tana rage ƙarfin siginar da ke bi ta cikinta, kuma ragin yana ƙaruwa da tsawon waya. Yana kuma ƙaruwa da saurin kaɗawar siginar: sassan da ke sauyawa da sauri, waɗanda su ne ke ɗauke da kaifin haruffa da siraran layuka, su suka fi saurin raunana. Ga kuma hayaniyar lantarki da ke shigowa daga wayoyin wuta, injuna da fitilu.

Yadda matsalar ke bayyana ya danganta da nau'in sigina. VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, analog ce: ƙarfin wutar da ke kan waya, daga sifili zuwa bolt 0.7, shi ke nuna hasken kowane launi. Idan waya ta yi tsawo hoton yakan yi dishi-dishi sannu a hankali, haruffa su yi inuwa, amma ana ci gaba da gani. DVI ta 1999 da HDMI ta 2002 kuwa dijital ne. Hotonsu yana nan tangaram har zuwa wani tsawo, daga nan sai a fara ganin ƙyalƙyalin fararen ɗigo, sai hoton ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, sannan ya tafi baki ɗaya. Ƙa'idar HDMI ba ta yanke wani tsawo ba, amma a aikace wayar da ba ta da na'urar ƙara ƙarfi ba kasafai take wuce mita 10 zuwa 15 ba, kuma ga hoton 4K tsawon yana raguwa sosai.

## Yadda aka gina wayar sadarwa

A cikin wayar sadarwa akwai zaren jan ƙarfe takwas, an murɗe su biyu-biyu sun zama tagwaye huɗu masu launin ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa. Dabarar murɗa waya tsohuwa ce. Alexander Graham Bell ne ya yi mata rajista a 1881 don layukan tarho. Ana aika sigina ɗaya a kan zare biyun, ɗaya kishiyar ɗaya. Hayaniyar da ta shigo daga waje tana faɗa wa zaren biyu kusan daidai, domin murɗin yana sa suna musayar wuri a kai a kai. Mai karɓa yana duba bambancin da ke tsakaninsu ne kawai, sai hayaniyar ta soke kanta, siginar ta rage.

An kasa wayoyin aji-aji bisa saurin kaɗawar da aka gwada su a kai:

- Cat5e: har megahaz 100, tana ɗaukar Ethernet mai gigabit 1 zuwa mita 100.
- Cat6: har megahaz 250, tana iya ɗaukar gigabit 10 amma bai wuce mita 55 ba.
- Cat6A: har megahaz 500, tana ɗaukar gigabit 10 zuwa mita 100.

Mita 100 ɗin da ake yawan ambata ta fito ne daga ƙa'idar shimfiɗa waya a gine-gine, TIA-568, wadda ta ba da mita 90 na wayar da aka binne a bango ko rufi, da mita 10 na gajerun wayoyin jonawa a ɓangarorin biyu. Kan wayar shi ne wanda aka fi sani da RJ45, kuma akwai tsari biyu na jera launuka a cikinsa, T568A da T568B. Kowanne aka zaɓa, dole ne ya zama iri ɗaya a kai biyun.

Abin da ya sa aka fi son wannan waya shi ne arha da sauƙin samu. Siririya ce, tana shiga bututun bango ba wuya, kuma ana iya yanka ta daidai tsawon da ake so a matse mata kai a wurin aiki. Wayar HDMI mai zare 19 da ta VGA mai haƙora 15 suna zuwa ne da kawunansu a haɗe daga masana'anta, kuma manyan kawunan ba sa wucewa ta ƙaramin bututu.

## Hanya ta farko: siginar analog

Wannan ita ce mafi daɗewa, kuma ta VGA ce. Siginar VGA ta ƙunshi launuka uku, ja, kore da shuɗi, da wasu sigina biyu masu gaya wa allo inda layi ya ƙare da inda hoto ya ƙare. Na'urar aikawa tana ɗora kowane launi a kan tagwaye ɗaya. Siginar daidaitawar kuwa ko dai a ba ta tagwaye na huɗu, ko a goya ta a kan na launukan, ya danganta da ƙirar kamfani. Shi ya sa mai aikawa na wani kamfani ba lallai ya yi aiki da mai karɓa na wani ba.

Wayar VGA tana da turjiyar om 75, ta sadarwa kuwa om 100. Idan aka haɗa su kai tsaye wani ɓangare na siginar yakan dawo baya kamar amsa-kuwwa, ya haifar da inuwa a gefen hoto. Na'urar da ke daidaita su ana kiranta balun. Akwai balun maras wuta, wanda ƙaramar taransifoma ce kawai, yana aiki a gajeriyar tazara da hoto mai ƙarancin ɗigo. Akwai kuma mai amfani da wuta, wanda ke ƙara ƙarfin siginar, ya kuma ɗaga sassan da suka raunana a hanya. Irin wannan yana iya kai hoto har mita 300.

Babbar matsalar wannan hanya ita ce rashin isowar launuka lokaci ɗaya. Masu ƙera wayar sadarwa da gangan suke bambanta yawan murɗin kowane tagwaye, don kada siginar ɗaya ta tsallaka cikin ɗaya. Sakamakon haka tagwayen da aka fi murɗawa ya fi sauran tsawo, kuma siginarsa takan makara. Ƙa'ida ta yarda bambancin ya kai nanosakan 45 a mita 100, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Ethernet tana gyara wannan da kanta, amma bidiyon analog ba ya iyawa. A hoto mai ɗigo 1024 da 768 da ake sabuntawa sau 60, kowane ɗigo yana ɗaukar kimanin nanosakan 15, don haka makarar nanosakan 45 tana gusar da launi ɗaya da ɗigo uku. Mai kallo sai ya ga farin harafi da jan gefe a hagu da shuɗin gefe a dama. Ana magance wannan da na'ura mai jinkirta launukan da suka riga isowa, ko da waya ta musamman da aka murɗe tagwayenta daidai. Abin lura shi ne, wayar da ta fi inganci wajen ɗaukar bayanai ba lallai ta fi kyau ga bidiyon analog ba, domin wani lokaci bambancin murɗinta ya fi yawa.

## Hanya ta biyu: dijital daga na'ura zuwa na'ura

DVI da HDMI suna aika hoto ta tsarin TMDS, mai layuka huɗu: uku na bayanai, ɗaya na agogon da ke daidaita su. Da yake wayar sadarwa ma tagwaye huɗu gare ta, na'urorin farko sun riƙa amfani da waya biyu, ɗaya ta ɗauki layukan hoto huɗu, ɗayar ta ɗauki wutar bolt 5 da saƙonnin da ke tsakanin kwamfuta da allo. Ba su cika wuce 'yan mitoci gommai ba.

Tsarin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne HDBaseT, wanda kamfanin Valens na ƙasar Isra'ila ya ƙirƙiro. A 2010 Valens da LG Electronics da Samsung Electronics da Sony Pictures Entertainment suka kafa ƙungiyar HDBaseT Alliance don kula da ƙa'idarsa. Maimakon ya tura siginar HDMI yadda take, HDBaseT yana sake tsara ta zuwa wata sigina mai matakan ƙarfin wuta 16, ta yadda kowane bugu zai ɗauki bit da yawa. Hakan yana rage saurin kaɗawar da waya za ta jure, sai siginar ta iya tafiya nesa.

Waya ɗaya a tsarin HDBaseT tana ɗaukar abubuwa biyar: bidiyo da ba a matse ba, sauti, Ethernet mai megabit 100, saƙonnin sarrafa na'ura irin na rimot, da wutar lantarki har wat 100. Wannan na ƙarshe yana nufin mai karɓa da ke bayan allo ko a jikin rufi ba ya buƙatar soket nasa. Fitowa ta farko tana ɗaukar siginar HDMI mai saurin gigabit 10.2 zuwa mita 100, akwai kuma nau'i mai rahusa da ke tsayawa a mita 70. Fitowa ta biyu, ta 2013, ta ƙara USB. Ta uku tana ɗaukar cikakken 4K mai sabuntawa sau 60 a kan Cat6A. Majigi da yawa na manyan ɗakunan taro suna zuwa da mashigar HDBaseT a jikinsu.

Amfanin wannan hanya shi ne hoton yana isa yadda ya fito, kuma jinkirinsa bai kai abin da ido zai lura da shi ba. Iyakarta kuwa ita ce waya ɗaya na haɗa na'ura biyu ne kawai. Ko da yake kan wayar RJ45 ne, siginar bidiyon HDBaseT ba ta Ethernet ba ce, kuma ba ta wucewa ta na'urar rarraba sadarwa ta ofis, wadda masu sana'ar ke kira suwic. Idan ana son rarraba hoto zuwa alluna da yawa sai an sayi na'urar rarrabawa ta HDBaseT ɗin kanta.

## Hanya ta uku: bidiyo a kan IP

A nan mai aikawa yana yayyanka bidiyon ya zuba shi cikin ƙunshin bayanai irin na intanet, ya tura su ta Ethernet kamar kowane saƙo. Mai karɓa yana tattara su ya sake gina hoton. Da yake bayanai ne na yau da kullum, suna bi ta suwic, kuma kowane suwic yana sabunta siginar ya ba ta wata mita 100. Kwamfuta ɗaya na iya ciyar da alluna masu yawa, allo ɗaya kuma na iya sauya kwamfutar da yake nunawa ba tare da an taɓa waya ba.

Matsalar ita ce faɗin hanya. Ethernet mai gigabit 1, wadda aka amince da ƙa'idarta ta wayar jan ƙarfe a 1999, ba za ta ɗauki hoto mai gigabit 3 ba sai an matse shi. Ana matsewa da tsari irin su H.264 na 2003, H.265 na 2013 ko JPEG 2000. Biyun farko suna matsewa sosai ta hanyar kwatanta hotuna masu bin juna, amma suna kawo jinkiri, kuma ƙananan haruffa kan ɗan lalace. JPEG 2000 yana matse kowane hoto shi kaɗai, don haka jinkirinsa kaɗan ne amma yana cin hanya da yawa. Don a gane girman jinkirin, hoto ɗaya a sabuntawa sau 60 yana ɗaukar kimanin milisakan 16.7. Mai kallon fim ba zai damu da makarar hotuna goma ba, amma mai riƙe da linzamin kwamfuta zai ji kibiyar tana jan ƙafa.

Wata mafita ita ce amfani da Ethernet mai gigabit 10, wadda ƙa'idarta ta jan ƙarfe ta fito a 2006. A kanta aka gina SDVoE, wadda aka kafa ƙungiyarta a 2017, kuma tana aika hoto ba matsi ko da ɗan matsi kaɗan. A gidajen talabijin akwai NDI, wadda kamfanin NewTek ya gabatar a 2015, da ƙa'idar SMPTE ST 2110 da ta fara fitowa a 2017.

Idan ana aika hoto ɗaya zuwa alluna da yawa, suwic ɗin yana buƙatar sanin waɗanne mashigai ne suka nemi hoton, abin da ake yi ta tsarin IGMP. Suwic ɗin da bai iya wannan ba yakan watsa bidiyon ga kowace mashiga, ya cunkushe cibiyar har sauran kwamfutoci su kasa aiki. Saboda haka ake yawan ware wa bidiyo nasa suwic ko nasa ɓangaren cibiya.

## Saƙonnin da ke tafiya tare da hoto

Kwamfuta ba ta tura hoto haka kawai. Da an jona allo takan karanta wani ɗan bayani mai suna EDID, wanda ƙungiyar VESA ta tsara, mai girman bayit 128 a asali. A ciki allon ke faɗin sunansa da yawan ɗigon da yake iya nunawa. Wannan bayani daga allo yake tafiya zuwa kwamfuta, wato kishiyar hanyar hoto. Idan na'urar isarwa ba ta dawo da shi ba, kwamfuta kan zaɓi girman hoton da bai dace ba ko ta ƙi fitar da komai. Wasu na'urori suna ajiye kwafin EDID a mai aikawa don kauce wa haka.

Akwai kuma HDCP, tsarin hana satar kwafi da kamfanin Intel ya ƙirƙiro. Na'urar da ke kunna fim mai kariya sai ta tabbatar cewa allon da duk abin da ke tsakaninsu suna da izini. Idan mai aikawa ko mai karɓa bai dace da fitowar HDCP da ake buƙata ba, allon yakan yi baƙi ko da waya lafiyarta ƙalau.

Na'urar da ke kai hoto tare da dawo da saƙon madannai da linzami ana kiranta mai isar da KVM. Da ita mutum zai zauna a ofis yana sarrafa kwamfutar da ke kulle a ɗakin sanyi.

## Inda ake amfani da ita

Ana amfani da wannan fasaha a ɗakunan lacca da na taro, inda majigi ke rataye a rufi kwamfuta kuwa tana kan teburin mai jawabi. Ana amfani da ita a allunan sanarwa na filayen jirgin sama, bankuna da asibitoci, da wuraren ibada da ake nuna mai huɗuba ko wa'azi ga waɗanda ke waje ko a bene. Haka nan ɗakunan sa ido na kyamarorin tsaro, masana'antu masu ƙura ko zafi da ba a son ajiye kwamfuta a cikinsu, da ɗakunan naɗar sauti da ake nisanta ƙarar fankar kwamfuta daga makirufo.

## Matsalolin da aka fi samu

- Ingancin waya: akwai wayoyi masu arha da cikinsu alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe, ana kiransu CCA. Alminiyom yana wuce da wuta kimanin kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi, yana kuma saurin karyewa. Irin wannan waya ba ta cika ƙa'idar TIA ba, tana rage tazara, tana kuma ɗaukar zafi idan ana tura wuta ta cikinta. Idan aka kankare zaren aka ga fari a ciki, to ita ce.
- Matse kai: idan aka warware murɗin fiye da kimanin milimita 13 wajen sa kai, kariyar da murɗin ke bayarwa tana raguwa. Kan da ke aiki da intanet yana iya kasa ɗaukar HDBaseT.
- Kusanci da wayar wuta: shimfiɗa ta a bututu ɗaya da wayar lantarki, ko kusa da janareta da injuna, yana sa hoto ɗaukewa duk lokacin da aka kunna wani abu. Waya mai sulken ƙarfe tana taimakawa idan an haɗa sulken da ƙasa yadda ya kamata.
- Zafi: alƙaluman ƙa'ida an auna su ne a digiri 20 na ma'aunin Salshiyas. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da zafi, don haka wayar da ta bi ƙarƙashin rufin kwano a lokacin bazara ba za ta kai tazarar da aka rubuta a kwali ba.
- Bambancin ƙasa: idan kwamfuta da allo suna shan wuta daga layuka daban-daban, wata wuta kan bi ta wayar bidiyo. A analog ana ganin ta kamar faffaɗan layi mai hawa ko sauka a allo.
- Jona ba daidai ba: wasu na'urori suna tura wuta ta waya ba tare da bin ƙa'idar PoE ba, wadda ke sa a fara tantance na'urar da ke ɗaya kan kafin a saki wuta. Jona irin wannan a suwic ko kwamfuta na iya ƙona mashigarsu.

## Idan tazara ta wuce mita 100

Ga HDBaseT ana iya sa na'urar maimaitawa a tsakiya, ga bidiyo a kan IP kuwa a ƙara suwic. Amma idan tazarar ta kai ɗaruruwan mitoci, ko wayar za ta fita daga gini zuwa gini, an fi amfani da wayar zaren gilashi, wato faiba, wadda haske ke bi ta cikinta. Nau'in OM3 yana ɗaukar gigabit 10 zuwa mita 300, nau'i mai siririn ciki kuwa yana kai kilomita 10 ko fiye. Da yake gilashi ba ya wuce da lantarki, faiba ba ta ɗaukar hayaniya, ba ta haɗa ƙasar gine-gine biyu, kuma ba ta kawo wutar tsawa cikin na'urori, abin da ke yawan lalata wayoyin jan ƙarfe da aka ratsa fili da su a lokacin damina. Sai dai ba ta ɗaukar wutar da za ta kunna mai karɓa, kuma haɗa kanta yana buƙatar kayan aiki na musamman da ƙwararren ma'aikaci.